Ba mutuwar ce ta hana ni barci ba, harshen ne

Malamin Islamiyya, Argungu
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe a cikinku ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa tofa komai ba, yau dole ta sa. Ku yi haƙuri da tsawon maganar, ƙarfe biyu da rabi na dare ne yanzu, kuma babu wanda zan iya tayarwa in faɗa wa.

Wata huɗu ke nan da wani ɗan miki ya fito min a gefen harshe na hagu, daidai inda wani turmin haƙorina da ya gutsure yake gogarsa. Na ɗauka haƙorin ne. Na sayi maganin shafawa a kemis, na yi ta kurkure baki da ruwan gishiri. Mikin ya ƙi rufewa, bakinsa ya yi tauri, kunnen wannan ɓangaren ya fara suka. Likitan haƙori ne ya ce ba zai taɓa haƙorin ba sai an gutsuri naman an kai gwaji. Ranar Litinin sakamako ya fito. Daji ne. An tura ni Sakkwato, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, za a ɗauki hoton wuya da ƙirji sannan a tsayar da ranar aiki. An gaya min za a yanke wani sashe na harshen.

Shekarata 46, ban taɓa kai taba bakina ba. Shekara 19 ina koyar da tajwidi. Wanda ya yi karatun mafitar haruffa ya san inda harafin Ladi yake fitowa: gefen harshe, inda yake haɗuwa da turamen sama. Wato daidai wurin. Jiya da asuba ina jan yara sallah, da na zo "walad-dallin" sai zafin ya soke ni har cikin kunne, na ƙarasa da ƙyar.

Da rana ina daurewa, ina shiga aji. Dare ne matsalar. Da na kwanta sai ƙirjina ya ɗauki bugu, in ga kaina zaune a gaban yara ina buɗe baki babu abin da ke fita. Inna ba ta sani ba. Maiɗakina ta san "ƙari" ne kawai. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan, yaya ake yi da tsoron nan?

Maman 'yan biyu, Kalgo
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam sannu. Allah Ya sa kaffara ne, Ya tashi kafaɗunka. Ni ma idona biyu, na karanta sau biyu.

Baban Jega
Malam, Allah shi ba ka lahiya. Ni dai abin da munka taso munka iske, daji ba shi son ƙarhe. Duk wanda anka sa ma wuƙa, ciwon watsuwa shikai. Ƙanen matata haka anka yi mai, anka yanke, wata shidda ba ta cika ba ya rasu. Ka gwada na gida tukun, akwai masu sani. In ya ƙiya, asibiti ba gudu takai ba.

Matashi daga Aliero
Malam da girmanka da iliminka? Mumini ba ya tsoro. Abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Ka cire tsoro kawai ka yi tawakkali.

Malamar jinya, Birnin Kebbi
Malam sannu da jiki. Na tashi sallah na ga saƙonka, ban iya komawa barci ba sai na amsa.

Baba na Jega, ina neman afuwa, ba raina maganar manya nake yi ba, amma wannan maganar ta "daji ba ya son ƙarfe" ta ci mana mutane da yawa, kuma a gabana. Ga yadda abin yake faruwa. Mutum ya yi wata takwas, shekara, yana jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Sai ciwo ya ci ƙarfinsa a kawo shi, lokacin ya riga ya bi jiki. A yi aiki don a rage masa wahala, bayan 'yan watanni ya rasu, sai a ce wuƙa ce. Wuƙar ta zo ne bayan ɓarna ta gama.

Harshe kuwa ya fi ko'ina rashin jira. Akwai hanyoyi da yawa tsakaninsa da kaluluwar wuya, can dajin yake fara sauka in an bar shi. Shi ya sa ake ɗaukar hoton wuya, shi ya sa kuma sau da yawa likita kan cire kaluluwar wuyan a rana ɗaya da aikin harshen, ko da ba ta kumbura ba. Dajin da ke gefen harshe aiki ne babban maganinsa, gashi, wato ƙona dajin da hasken na'ura, da kemo, wato magungunan kashe dajin, suna biyo baya in an ga buƙata. Wanda aka kama yana ƙarami bai sauka wuya ba, warkewarsa ta fi kusa nesa ba kusa ba. Asibiti ba ta gudu, gaskiya ne Baba, amma ciwon yana gudu.

Malam, kada ka ɗaga ranar Sakkwato ko da kwana ɗaya. Kuma kada ka bari a ɗora maka wani abu mai zafi a kan mikin, ko toka ko kanwa ko ƙullin da ba a san abin da ke ciki ba.

Baban Jega
Ɗiyata, ke kin yi boko, mu kuwa mun ga jiya. Ba cewa niy yi kar shi tahi ba. Amma kowa anka yanka ma halshe, da mi za shi magana?

Ɗan Gusau
Baba, ka yafe ni zan sa baki. Mahaifina irin wannan ciwon ne ya tafi da shi, bana shekara biyu. Lokacin da likita ya ce a yi aiki, mikin bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Mu 'ya'yansa ne muka hana, ni ne ma kan gaba, saboda maganar nan ta ƙarfe. Muka kai shi wajen wani mai magani, ya karɓi kuɗin da ya fi na mota zuwa Sakkwato sau ashirin, yana ɗora masa wani baƙin ƙulli. Wata bakwai. Da muka koma asibiti bakinsa ba ya buɗuwa sosai, koko ma sai da cokalin shayi muke ɗiga masa. Likitan bai yi mana faɗa ba, ya dai dube mu ya ce yanzu sai dai a rage masa zafi.

Na san kwana ne ya ƙare. Amma har yau in na ga cokalin shayi a gidanmu sai in tashi daga wurin. Malam, ka tafi. Ko rabin harshe aka bar maka, 'ya'yanka suna da uba.

Na'ibin liman, Gwandu
Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya ba ku haƙuri. Kada ka ɗaura wa kanka abin da ka yi da nufin alheri.

Ɗana na Aliero, niyyarka mai kyau ce amma maganar ba haka take ba, kuma tana iya ƙara wa maras lafiya nauyi, ya ga kamar bayan ciwo har imaninsa ma ya samu matsala. Duba Suratu Ɗaha aya ta 67. Allah da kanSa Ya ba da labarin Annabi Musa, Kalimullahi, cewa ya ji tsoro a ransa da ya ga igiyoyin matsafa suna motsi. Ba a zarge shi ba, aka ce masa kada ka ji tsoro, kai ne a sama. A Baƙara aya ta 155 da Allah Ya lissafo abin da zai jarrabe mu da shi, tsoro Ya fara ambata, kafin yunwa, kafin asarar dukiya da rayuka. Ashe tsoron kansa yana cikin jarrabawar, ana samun ladar haƙuri a kansa kamar yadda ake samu a kan zafin mikin.

Tawakkali kuwa ba ya hana neman magani. Hadisi ne a Bukhari cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar mata da magani. Wanda ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara, ce masa aka yi ɗaure ta sannan ka dogara.

Malam, kai ka fi ni sanin wannan, tuni ne kawai. Addu'ar Annabi Musa a farkon Suratu Ɗaha, "wahlul uƙdatan min lisani, yafƙahu ƙauli", kamar don kai aka ajiye ta. Da ta Annabi Ayyuba a Anbiya'i aya ta 83. Batun Fatiha kuma, mutum yana karantawa gwargwadon ikonsa, sallarsa ta inganta. Wanda ciwo ya hana shi fitar da harafi ba ɗaya yake da wanda ya ƙi koyo ba.

Matashi daga Aliero
Na karɓi gyara Malam Na'ibi. Malam ka yafe min, ban yi tunani ba.

Malamin Islamiyya, Argungu
Babu komai ɗana. Ni ma abin da nake faɗa wa kaina ke nan kwana huɗu, shi ya ƙara hana ni barci. Sau nawa na karantar da ayar nan ta Ɗaha, ban taɓa jin ta ba sai yau.

Yayarku daga Yauri
Malam, ni aka yi wa irin aikin da za a yi maka, shekara uku da suka wuce. Wata ƙawata ce ta turo min maganarka ta ce in shigo. Zan faɗa maka yadda yake, ba ƙari ba ragi, don ni abin da ya fi azabtar da ni a lokacin shi ne kowa yana ce min "ba komai" alhali na san akwai komai.

Kwanakin da kake ciki yanzu, tsakanin jin sakamako da ranar aiki, su ne mafi muni a wajena. Sun fi aikin, sun fi gashin. Saboda ba ka san girman abin ba, zuciya sai ta yi ta zana maka mafi muninsa. Ni dabarar da ta taimake ni, wata ma'aikaciyar jinya ce ta ba ni. Ta ce in sayi littafin rubutu na 'yan makaranta in ajiye a gefen katifa. Duk abin da ya tashe ni da dare in rubuta shi, amma in mayar da shi tambaya. "Zan zama bebiya" ya koma "kashi nawa na harshen za a cire, kuma wane gefe?" "Zan mutu in bar yara" ya koma "ya sauka wuya ko bai sauka ba, mataki na nawa ne?" Da na rubuta sai in rufe littafin in ce na ba ka ajiya sai ranar ganin likita. Ba kullum yake aiki ba, amma ya fi kwanciya ana juyi. Ranar asibiti na je da tambaya 14, ƙanena yana rubuta amsa, don ni da likita ya fara magana kunnena toshewa yake yi.

Bayan aiki na farka da roba a hanci, ta nan ake ba ni abinci, harshen ya kumbura ya cika bakin kamar soso, ga ɗinki a wuya. Da biro da takarda nake magana. Kada wannan ya firgita ka in ka gani, kumburin yana saɓewa. Wajen kwana goma na fara fitar da kalma. Na ce wa 'yata ta ba ni ruwa, abin da ya fito "uwa". Ta tsaya tana kallona, ta ce Mama ai ke ce uwa. Muka yi kuka muka yi dariya. Ra da La da Sa su suka fi ba ni wuya. Kullum bayan la'asar sai in ɗauki madubi in zauna ina maimaita su kamar 'yar aji ɗaya. Yau ina ciniki a kasuwa, ina waya, ina faɗa da 'yan achaɓa. Wanda ya san ni da zai ji maganar ta ɗan yi nauyi. Baƙo sai na gaya masa.

Gashi kuma sau 33 aka yi min, Litinin zuwa Juma'a, kusan mako bakwai. Akwai wata raga ta roba da ake tausasawa a ruwan ɗumi a ɗora a fuska ta ɗauki siffarka, kullum da ita ake maƙale kanka a gado don kada ka motsa. Ranar farko na ji kamar an rufe ni da rai. Na ɗaga hannu suka tsaya, suka cire, na huta, aka sake. Ka sani kana da ikon ɗaga hannu, suna kallonka ta na'ura. Hasken kansa ba a jin sa, kuma duka zaman bai fi minti ashirin ba. Na samo carbi mai ƙwaya 33 na ɗaura zare, kullum na fito sai in matsar da shi ƙwaya ɗaya. Daga mako na uku baki ya yi gyambo, ɗanɗano ya tafi, sukari kamar yashi. Wannan lokacin sai an dage da ci ko ba a so. Ɗanɗanon ya dawo a hankali cikin watanni. Bushewar baki ce ba ta rabu da ni ba, duk inda za ni da gorar ruwa.

Wataƙila kai ba za a ma yi maka gashin ba, sai abin da aka gani bayan an auna naman da aka cire. Ban ce tsoro ya bar ni ba. Har yau in ranar komawa dubawa ta matso, kwana biyu ba na cin abincin kirki. Amma yanzu na san shi, baƙo ne mai zuwa ya tafi.

Maman 'yan biyu, Kalgo
Allahu Akbar. Yaya, Allah Ya ƙara lafiya. Tambaya don Allah, ana ɗauka? Wato kofi ɗaya, kwano ɗaya da iyali.

Malamar jinya, Birnin Kebbi
Ba a ɗauka ko kaɗan. Ba ta yawu, ba ta kofi, ba ta cin tuwo a kwano ɗaya. Na ga gidan da aka ware wa mai ciwo kwanonsa da cokalinsa, wannan warewar ta fi ciwon karya shi.

Malam ya ce bai taɓa shan taba ba, kuma na san tambayar da ke ƙarƙashin maganar: to me na yi? Taba ce babbar sila, ta hayaƙi da ta gari da ake cusawa a baki, sai giya, in aka haɗa biyun abin ya fi muni. Akwai kuma ƙwayar cutar HPV da ta fi shafar can tushen harshe da maƙogwaro, wadda aka fara yi wa 'yan mata rigakafinta a Najeriya a Oktoban 2023 saboda dajin bakin mahaifa. Amma ana samun wanda bai kusanci ko ɗaya ba ya kamu. Ba laifinka ba ne, ba jifa ba ne, ba kambun baka ba ne. Ga sauran 'yan zaure kuma: duk mikin baki, ko farin tabo ko ja, da ya wuce mako uku bai warke ba, a kai wa likita ya gani, a daina zagayen kemis.

Kafin ranar aiki ka ci abinci sosai, jiki yana buƙatar ajiya. Kunun gyaɗa da madara, ƙwai, fura da nono mai kauri wanda bai yi tsami ba, romon kifi, ku da kuke da kifin Argungu a ƙofar gida. Ka rage yaji da tsamiya da abu mai zafi sosai. In zafin yana hana ka ci ko barci, ka faɗa, akwai magani hawa-hawa har zuwa mofin na sha, kuma shan sa a hannun likita ba shaye-shaye ba ne. In rashin barcin da bugun ƙirjin suka ci gaba, shi ma ka faɗa, ciwo ne da ake dubawa. Kuma ka tambaya a duba sauran haƙoranka kafin gashi, don cire haƙori bayan gashi yana da hatsari ga ƙashin muƙamuƙi.

Mai kula da zaure
Na goge saƙon wani da ya sa lambar waya yana tallan maganin daji "cikin kwana 21". Duk wanda ya sake, zan fitar da shi. Ba a kasuwanci da hawayen mutane a nan.

Hajiya daga Bunza
Ni batun Inna ne ya tsaya min. Malam kada ka gaya mata. Tsohuwa, ƙila ga hawan jini, ka ce mata za a yanka harshen ɗanta? Ka ce aikin haƙori ne, in an gama lafiya ta ji. Haka muka yi wa tamu lokacin ciwon yayana.

Yayarku daga Yauri
Hajiya, ni kuma na ɓoye wa tawa, har yau ina nadama. A bakin wata maƙwabciya ta ji, a gidan suna, an ƙara gishiri an ce kwanana ya ƙare. Ta zo asibiti ba ko takalmin kirki. Abin da ta ce min, kin hana ni in roƙa miki Allah da sunan ciwon. Addu'ar uwa fa ba abin da za a yi wa asara ba ne.

Hajiya daga Bunza
Kowa ya san tsohuwarsa. Tamu da ta ji da ba ta kai labari ba. Ban janye ba.

Na'ibin liman, Gwandu
Duka biyun kuna da hujja. Inna, Malam ya fi mu sanin ƙarfin zuciyarta, yana iya jira ya dawo daga Sakkwato da cikakken bayani, sannan ya je da babban ɗan'uwa su faɗa mata a tsanake, a fara da cewa akwai magani kuma an kama hanya. Amma maiɗaki ba ta cikin wannan. Ita za ta kwana a gefen gado, ita likita zai koya wa ba da abinci ta roba. Malam, kada rana ta faɗi ba ka gaya mata ba.

Tsohon ɗalibi, Kamba
Malam, na gane ka tun daga maganar Ladi, ba zan ambaci suna ba. Ni ne yaron da ka tsayar mako uku a kan "magdubi" ina mayar da shi Dali. Ka tuna ba ka cika karanta min ba, cewa kake yi sake, sake, matsar da harshen baya, har ranar da ka ce yawwa. Da kunne ka gyara ni Malam, kuma ba kunnen za a yi wa aiki ba. In ka dawo ni zan riƙa zuwa ranar Asabar da Lahadi in karanta wa yara, kai kana gyara mu gaba ɗaya. Kuma ina roƙon alfarma, kafin ranar ka ɗauki karatunka a waya, ko izu biyu ne, mu samu.

Malamin Islamiyya, Argungu
Na kasa amsa muku jiya, ku yi haƙuri. Ɗana na Kamba, na tuna ka. Allah Ya yi maka albarka, ka sa na yi abin da ban yi ba tun ranar Litinin.

Na gaya wa maiɗakina bayan isha'i. Na yi ta kewaye-kewaye, sai ta ce Malam na sani. Ashe tun ranar Talata ta ga takardar a aljihun rigata da za ta wanke, ta ɗauki hotonta ta tura wa 'yar ƙanwar babanta da ke karatun jinya. Kwana huɗu tana shiga madafa ta yi kukanta ta wanke fuska ta fito, don kada in gane ta sani hankalina ya ƙara tashi. Ni ina ɓoye mata a ɗaki, ita tana ɓoye min a madafa. Har ta riga ta yi magana da yayanta a kan sayar da tumakinta biyu. Daren jiya na yi barcin awa biyar.

Ma'aikacin gwamnati, Birnin Kebbi
Alhamdulillah. Tunda an zo batun kuɗi, shi ma rabin tsoron ne. Asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya da dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza (prostate) ya fara, don haka kada a dogara da shi, a dai tambaya. In kana cikin tsarin KECHEMA, wato inshorar lafiya ta jihar Kebbi, ko inshorar lafiya ta tarayya, ka je da katinka ka ji abin da suke ɗauka. A asibitin ka nemi ofishin walwalar marasa lafiya. Akwai kuma gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, wadda ta daɗe tana aikin wayar da kai da gwajin daji a jihar nan, ba laifi a rubuta musu. Mu ma a nan bai kamata mu tsaya a "Allah Ya sawwaƙe" ba.

Mai kula da zaure
Na yarda. Amma ba za a sa lambar asusu ba sai Malam ya amince, kuma mutum biyu za su riƙe lissafi a fili.

Baban Jega
To, na ji maganar yaron Gusau, ta tsaya min a rai. Ni dai har yanzu zuciyata ba ta kwanta da wuƙa ba, ba ni ɓoyewa. Amma tunda ga wadda anka yi ma tana magana, Malam ka tahi, Allah shi sa a dace. Ina da ɗa nan Sakkwato, yana da ɗaki wajen Mabera, iyalinka su sauka can kar ku biya kuɗin masauki.

Malamin Islamiyya, Argungu
'Yan zaure, mun dawo daga Sakkwato. Na je da littafina, tambaya 11, maiɗakina ta rubuta amsa. Likitan ya zana min harshe a takarda ya nuna inda zai bi, bai kai rabi ba, kuma ƙarshen harshen zai tsira. Ƙirji lafiya. A wuya akwai kaluluwa ɗaya da ba su yarda da ita ba, za su cire na wannan gefen su auna, daga nan a san ko za a yi gashi. Na tambaye shi Ladi. Bai san tajwidi sosai ba, sai na nuna masa da yatsa. Ya ce ba zai yi min alkawari ba, amma gefen dama yana nan. Malaman tajwidi kuwa sun ce ana fitar da shi ta hagu ko ta dama, ta hagun ce dai ta fi sauƙi. Shekara 19 ina faɗa wa yara wannan.

Mun je wajen Inna ni da yayana. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce in matso, ta tofa min a ka kamar ina yaro. Hajiya ta Bunza, na auna mata jini kafin mu fara da bayan mun gama.

Tsoron yana nan. Jiya ma ya tashe ni wajen ƙarfe uku, na rubuta abu biyu na yi alwala. Na ɗauki Fatiha da izu ɗaya a waya, zafi bai bar ni na wuce haka ba, zan tura wa ɗana na Kamba. Na amince da maganar taimakon, Allah Ya saka. Baba, mun karɓi ɗakin, za mu kira ɗanka.

Ranar Talata za a ba ni gado, aiki Alhamis. Yaya ta Yauri, ban da biro da takarda da madubi, me kika ga ya kamata mu saka a jaka? Motar farko ta asuba za mu bi.